Ƙasar da Mancang Ya Binne

Shebur ɗin tsoho Hao bai yi nisa a ƙasa ba ya yi ƙara, ya daki dutse. Ya zare shi, ya matsa taku uku, ya sake kafawa. Nan ma dutse. Ɗansa Mancang yana tsaye a bayansa, hannu cikin aljihun rigar aiki.

Ranar ce kamfanin kwal yake mayar wa mutanen ƙauyen gonakinsu, shekara goma sha ɗaya bayan an tashe su an yage ƙasar. An cike ramin, an baje shi sumul, kowane gida da turakunsa da jar tuta. Wakilin kamfani ya yi jawabi, aka tafa, kowa ya nufi nasa. Mata har suna yaba Mancang, wai shi da sauran direbobin katafila sun mayar da wurin kamar faranti. Shi kuwa da ƙasa za ta tsage, da ya shige.

Aikin yana da ƙa'ida, kuma Mancang ya san ta sarai. Kafin a haƙa, ana kankare ƙasar sama, ta noma, a tara ta gefe guda. In an gama, duwatsu su koma ƙasa, yumɓu ya bi, sannan a shimfiɗa ta noman a kai, zurfin kamu guda. Tarin ƙauyensu yana bakin hanyar manyan motoci, da allo mai sunan ƙauyen. Tsoho Hao kuwa ya ɗauki tarin nan kamar kabarin kakansa. Duk bazara sai ya je ya watsa masa irin ciyawa don kada iska ta kwashe shi. Yakan ce takin tumakinsa na shekara arba'in yana ciki, har da na ubansa.

Bara da kaka ruwa ya zaftare gefen ramin, hanya ta tsage, ga masu duba aiki suna tafe daga birni bayan abincin rana. Kang, shugaban aiki, ya ce a cike wurin yanzu-yanzu. Duwatsu suna da nisa, tarin kuwa ga shi nan kusa. Abin da ya fi cin Mancang shi ne ko gardama bai yi ba. Babu wanda ya yi masa barazanar kora. Agogo kawai ya kalla, ya sauke bakin katafila. Cikin awa uku tarin ya koma gindin rami, aka bi shi da duwatsu. Da lokacin shimfiɗa ya yi, abin da ya rage bai fi kaurin tafin hannu ba.

Wata shida ke nan yana shan kunun gero a gaban ubansa, tsohon yana ta tsara masa inda zai sa dankali da inda zai sa gero, shi kuma yana gyaɗa kai kamar mutumin kirki.

Yanzu ƙarar ta fara tashi daga sauran gonakin ma. Gwaggo Fenglian, maƙwabciyarsu wadda bakinta ba ya hutu, ta taho tana jan fartanya.

"Tsoho Hao, me za mu shuka a nan? Ƙusa?"

Aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Mutane suka taru. Tsohon ya durƙusa da ƙyar, ya ɗebi ƙasar, ya murje ta, ya kai hanci. Ko tsutsar tana ɗaya babu a ciki. Da ya yi magana, bai ɗaga murya ba.

"Wanda ya yi wannan, ubansa ne ya cuce mu. Ya haifi ɗa, ya ciyar da shi daga gona, bai koya masa mece ce ƙasa ba. Uban banza ke nan."

Kowa ya ce haka ne. Fenglian ta juyo ta tambayi Mancang wane direba ne, ai shi ɗan ciki ne, ba zai rasa sani ba. Akwai wani direba ɗan kudu da ya bar aiki tun sanyi, kuma Mancang ya daɗe da ajiye sunansa saboda irin wannan rana. Sunan ya zo har kan harshensa. Ya kasa faɗa, ya kuma kasa faɗin gaskiya, sai ya ce zai bincika. Kai, kunya ba ta taɓa kama shi irin ta wannan lokacin ba.

Jama'a suka watse suka nufi wakilin kamfani, wanda tuni ya fara laluben ƙofar motarsa. Aka bar su su biyu a tsakiyar filin.

"Baba," Mancang ya ce. "Ni ne."

Tsohon bai ɗago ba.

"Na sani. Ranar ina kan tudun can da tumaki. Katafilarka ce mai jan ƙyalle a madubi, wanda uwarka ta ɗaura maka."

"To duk maganar dankalin nan da kake yi min..."

"Hanya nake ba ka, ko za ka faɗa."

Mancang ya sunkuyar da kai. Ya ce duk zagin da aka yi masa yau ya cancanta, ko a ƙara ma ba zai ce komai ba.

Tsoho Hao ya dafa shebur ya miƙe. Ya zuba 'yar ƙasar da ke hannunsa a aljihu, ya kakkaɓe gwiwa.

"Ka ji na zagi ɗan? Uban na zaga."

Ya bi bayan jama'a a hankali, ya bar shebur ɗin jingine a jikin ɗansa.