Muƙamuƙin Abonyo

Ni na karya wa Abonyo muƙamuƙi, kuma ko yau aka sake jera mu, haka zan buga.

Yayan matata ne. Shekara talatin muna hoki tare, wasan ƙwallo da sanda, a Kisumu, tun filin yana jar ƙasa. A ƙungiyarmu ta 'yan sama da hamsin aikinsa ɗaya ne: in aka ba abokan karawa bugun kwana, shi ke fitowa daga raga a guje ya tari mai bugu kafin ya saki ƙwallo. Ƙwallon hoki kuwa da shi da dutse duk ɗaya.

Bana tumbi ya yi masa yawa. Kocinmu Gurmel Singh ya ce motar gasar Nakuru ba ta ɗaukar buhu. Bayan sati uku, ran Juma'a, za a gwada shi, ni zan buga. In bai iso ni ba, ya zauna gida.

Sai Abonyo ya daina cin ugali, tuwon masararmu, ya daina nama. Sati uku daga ruwan zafi sai lemun tsami. Ya naɗe cikinsa da leda, yana gudu a bakin tafki da rana tsaka. Na ce masa gumi ba kitse ba ne, tsoho ba ya gudu da cikin wofi, ya ci kifi da wake. Ya ce in je in yi wa ƙarfen waldata wa'azi.

Ran Juma'ar idanunsa sun faɗa. Matata ta roƙe ni in sassauta hannu, ashe ya ji labari. Ya shaƙe min wuyan riga a gaban kowa.

"Oyier, ka tausaya min ka gani. A filin nan zan fasa maka kai, ƙanwata ta nemi wani mijin."

Na ce, "Sake ni, Yaya. Ko matarka ba ta tausayinka, balle ni."

Aka turo ƙwallo. Taku biyar na farko ya yi su kamar ɗan ashirin. A na shida gwiwoyinsa suka lanƙwashe, fuskarsa ta sauko inda sandarsa ya kamata ta kasance. Ni kuwa na riga na saki hannu.

Ƙarar kamar an fasa kwakwa. Haƙora uku a ƙasa. Na jefar da sanda na nufe shi, sai ya miƙe, jini har ƙirji, haɓa ta karkace, ya sauke min tasa sandar a hannun dama. Yatsu biyu suka karye. Na sa masa kai a ciki, muka zube, yana dukan haƙarƙarina, ina danna masa gwiwa. Sai da tsofaffi biyar suka raba mu, Gurmel ma ya samu nasa a ido.

A bencin asibiti Gurmel ya ce wa Abonyo, "Ƙwallon dai ka tare, dattijo, ban musa ba. Amma ba na tafiya da mai baki a ɗaure."

Motar ta tafi ba shi, ba ni. An ɗaure masa baki da waya sati shida, sai kunu ta tsinken roba. Tumbin ya tafi, ga wanda ke son sani.

Jiya na je gidansa da ugali da soyayyen kifi, na zauna gabansa ina ci da hagu. Ya daɗe yana kallona. Can ya kwaikwayi bugu da hannu, ya ɗaga gira, wato ko na rage ƙarfi.

Na ce ko kaɗan.

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da zuƙar kununsa.