Ɗakin Algashi

"Buɗe wancan ma in gani," in ji Baba Tsani, yana nuna wani gwangwani da haɓarsa.

Mai shagon fenti ya zura sukudireba ya ɓalle murfin. Kore ne shi ma, amma mai duhu. Baba Tsani ya leƙa, ya shinshina, ya tsoma yatsa ya shafa a bayan hannunsa.

"Baba, wai wane launi kake nema ne? Ka sa na buɗe rabin shago."

"Algashi."

"Al-me?"

"Ji shi! Kana zaune a kan fenti ba ka san algashi ba? Ku yaran yanzu lamba kawai kuka sani, a ce muku lamba kaza ku miƙo."

Maganar gaskiya, shi ma Baba Tsani bai sani ba. Kuma ba ƙaramin mutum ba ne a harkar fenti. A kan tsani ya yi rayuwarsa har sunan ya bi shi. Ya taɓa faɗowa daga bene, ya tashi ya karkaɗe wando ya tambayi inda buroshinsa ya faɗa. Wayar lantarki ta taɓa cafke shi a saman wani otal, ita ce ta gaji ta sake shi. Abokan aikinsa duk sun riga mu gidan gaskiya, wani ƙirji, wani zamewar ƙafa, shi kuwa yana nan daram. Bai taɓa zama a aji ba, amma ko ido a rufe ka miƙo masa gwangwani, hancinsa zai faɗa masa launin. Haka dai yake faɗa, kuma babu wanda ya rage da zai ƙaryata shi.

Jiya ne matar ɗansa ta haifi namiji. Da ya je asibiti barka, ya tarar da ita a jingine da matashi, jaririn a ƙirjinta.

"Baba, Algashi muke so a sa masa," ta ce a hankali.

"Sunan launi ne, Baba," in ji ɗansa. "Wani irin kore. Tsohuwar kalma ce, a waya ta tsinto ta. Wai ko an bincika, da ƙyar a sami mai sunan."

Wata nas da ke gyara ledar ƙarin ruwa ta juyo. "Ni dai tun ina budurwa nake karɓar haihuwa, ban taɓa cin karo da shi ba."

Mai jego ta yi murmushi. Ita a makaranta idan aka kira sunanta, rabin aji ne ke waigowa, kuma ta rantse ɗanta ba zai sha wannan ba.

Nan fa bakin Baba Tsani ya riga shi. "Algashi? Ai ni na yi wa gidan wani babban likita algashi, sama da ƙasa, har masu wucewa suna tsayar da mota! Kafin a sallame ku gobe, ɗakin yaron nan ya zama launin sunansa."

Ga shi goben ta yi, rana ta ɗaga, bango na nan fari fat.

Daga shagon fenti ya ratsa layin masu ɗinki, ya tsaya wurin wata mai sayar da zare, sa'arsa ce.

"Ke tsohuwa, bari in gwada ki. Fito mini da algashi."

"Tsohuwa tana gidanku." Ta tona kwali ta zaro wani zare mai sheƙi, kore shar kamar ganyen da bai kwana biyu da tohowa ba. "Ga shi. Haka kakata take kiransa."

Telan da ke gefenta ya tsayar da kekensa. "Haba, Inna! Wannan ai tsanwa ne. Algashi ya fi haka nauyi." Ya jawo wani ƙyalle daga ƙarƙashin tebur, kore mai duhu kamar kwalbar lemo.

"Kai yaushe aka haife ka?" in ji tsohuwar.

Telan ya juyo wurin Baba Tsani. "Me za a yi da shi ne, Baba?"

"Sunan jikana ne."

Nan take kowa a layin ya sa baki. Wani ya ce sunan yana da daɗin kira. Wata ta tambaya ko ƙaninsa zai zama Ruwan Toka. Telan ya maimaita shi sau biyu a hankali, ya ce matarsa ma ta kusa.

"Kul!" in ji Baba Tsani. "Na jikana ne shi kaɗai. Ka nemi naka launin."

A garejin masu fentin mota wani ya nuna masa ƙofar tsohuwar motar haya, kore mai ratsin shuɗi, ya rantse wannan ne. Baba Tsani ya gyaɗa kai kamar malamin da ɗalibinsa ya kusa cin jarrabawa. A ransa kuwa abin ya fara ba shi sha'awa. Launi guda, kowa ya san shi, amma ba a sami mutum biyu da suka nuna abu ɗaya ba.

Ya koma gida da farin fentin ruwa, da 'yan kwalabe na kore da shuɗi da rawaya. Matarsa tana bakin ƙofa tana yankan albasa.

"An samo?"

"Da ɓata ya yi?"

"Malam, ka kira ɗan naka ka ce ba ka sani ba. Ba a ɗaure mutum don wannan."

"Ni? Ni da lantarki ya kama ya saki?"

"Lantarkin ma surutu ne ya ishe shi."

Ya juye farin a babban bokiti, don haɗi irin wannan sau ɗaya ake yinsa, in ya ƙare a tsakiyar bango ba ya sake fitowa daidai. Ya ɗiga kore ya juya, sai ga zaren tsohuwa. Ya ƙara shuɗi, sai ga ƙofar mota. Ya ɗan sa rawaya, ya sake ƙara kore. Can ya tsaya da sandar juyi a hannu. Abin da ke cikin bokitin bai yi kama da na kowa ba, kuma shi kansa, duk yawon tsaninsa, bai taɓa shafa irinsa ba. Ya ɗauki rola.

Yana gama bango na ƙarshe ya ji tsayuwar mota. Matarsa ta karɓi jaririn ta yi ɗakinta da shi, don kada warin fenti ya dame shi. Mai jego kuwa ta lallaɓo, tana dafe da kafaɗar mijinta, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallo. Baba Tsani ya shiga goge hannu da tsumma, yana jiran ta ciro waya.

"Ashe haka yake," ta ce. "Wallahi Baba, a waya kowane hoto daban. Har na fara tunanin me zan ce wa yaron nan in ya girma ya tambaye ni."

"In ya tambaya, ki nuna masa bango."

"Amma Baba," in ji ɗansa, "can kusa da taga kamar ya fi haske."

Baba Tsani ya duba. Haka ne. Inda iska ke bugawa ya fara bushewa, kuma fentin ruwa ba ya tsayawa a yadda ya hau bango. Da launin gwangwani ne, ya san inda zai tsaya. Wannan kuwa bai sani ba.

"To wanne ne a ciki, Baba?" in ji mai jego.

"Ke dai je ki huta, 'yata. Algashi ba ya nuna kansa a rana ɗaya."

Da suka tafi, ya kife wani tsohon gwangwani a bakin ƙofa ya zauna a kai, ya zuba wa bangon ido, yana jira ya ga sunan jikansa.