Jirgin Garkar Malam Yari

Shekara tara Iyatu ta yi tana jin haushin jirgin nan, kuma duk maƙwabtanta a Ƙofar Rini sun sani, don ba ta ɓoye wa kowa ba.

Mijinta Malam Yari tsohon ma'aikacin reluwe ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran layin dogo tsakanin Gusau da Ƙaura Namoda, inda dogon ya tsaya. Da ya yi ritaya ya dawo gida Sakkwato, garin da jirgin ƙasa bai taɓa shigowa ba, sai ya rasa abin da zai yi da hannuwansa. Wata uku yana zaman ƙofar gida da rediyo. A na huɗu ya shiga garkar da ke bayan gida, inda Iyatu ke shuka yakuwa da kuɓewa da barkono, ya kafa turaku ya ja igiya.

Da ragowar alminiyom na masu haɗa tagogi ya yi dogon. Ya yanka katako ƙanana kamar yatsa, ya jiƙa su da baƙin mai don gara, ya jera su ƙarƙashin dogon, ya tankaɗe tsakuwa ya zuba. Kan jirgin da gwangwani ya ƙera shi, ya sa masa injin da ke goge gilashin mota. Wuta daga batirin babur take fitowa, ta bi ta wani akwatin katako mai makunnin fanka a jikinsa, ta shiga dogon. Tarago shida jirgin yake ja, kowanne bai fi tsawon takalmin babba ba. Akwai tashoshi huɗu, Zariya da Funtuwa da Gusau da Ƙaura, da gada ɗaya a kan magudanar ruwan wanke-wanke. Kowace shekara layin na ƙara tsawo, kowace shekara kuɓewar Iyatu na matsawa jikin katanga.

A bazarar bana, wata ranar Talata bayan azahar, ta leƙa ta kira shi cin abinci, ta tarar da shi kwance tsakanin Funtuwa da Gusau, bakinsa ya karkace. Sati uku suka yi a asibiti. Da aka sallamo shi, hannun dama ya mutu, ƙafar dama sai ya ja ta, magana kuma ta yi nauyi, sai wanda ya yi haƙuri yake tsintar ta.

Ciwon bai ƙona wa Iyatu rai kamar masu zuwa dubiya ba. Mutum zai shigo, ga Malam Yari zaune a kujera idonsa biyu, sai ya juyo ya tambaye ta, “Ya samu ya ci wani abu? Shina gane mutane?” Tana ganin yadda Malam ke sunkuyar da kai. Mutumin da a da idan ya fara bayanin yadda ake ɗaure dogo sai an roƙe shi ya tsaya.

Ranar wata Alhamis da hantsi aka sauke bulo a ƙofar gida. Ɗansu na fari, Aminullahi, mai shagon kayan gini a Gidan Igwai, ya shigo da wani magini Muntari, suka gaida Malam a rumfa, suka zarce garka. Iyatu ta bar tsintar shinkafa ta bi su.

“Inna, ɗaki za mu yi mishi nan,” in ji Aminullahi. “Da ban-ɗaki ciki, irin na zama. Likita ya ce kada shi ƙara duƙawa, kuma nan ne yaf faɗi. Ke da kanki kin sha cewa tarkacen ga sun ishe ki.”

“Na ce.”

“To ga shi za a kwashe.”

“Ka tambaye shi?”

“Wa?”

“Mai abun.”

Aminullahi ya rage murya. “Inna, Baba ba shi iya magana.”

“Shina iyawa. Ku ne ba ku tsayawa ku ji.”

Bai yi mata musu ba, sai dai ya yi wa Muntari alama da kai. Yaro ne mai biyayya tun yana ƙarami, kuma ta san don tausayin ubansa yake yi. Muntari ya sa bakin diga ƙarƙashin dogon, wajen tashar Zariya. Ta ƙofar garka Iyatu ta hango Malam a rumfa. Hannunsa na hagu ya damƙe hannun kujera har jijiyoyi sun fito, bakinsa na motsi, ba abin da ke fitowa.

Ta taka ta tsaya a gaban digar, ƙafa ɗaya a kowane gefen layin.

“Aminullahi,” ta ce.

Shekara arba'in da ɗaya da haihuwarsa, ba ta taɓa kama sunansa ba, don kunyar ɗan fari. Ya ɗago kamar an mare shi. Muntari ya zare digar a hankali ya jingine ta.

“Ubanka bai mutu ba. Ran da yam mutu, ka zo da digarka ka raba gado. Yau dai ba a taɓa ko tsakuwa guda.”

“Inna, wa za shi kula da shi? Gara za ta cinye, shina kallo. Wannan ya fi ciwo.”

“Ni za ni kula da shi.”

Aminullahi ya juya. Ya je ya durƙusa ya yi wa ubansa sallama, suka fita. Bulon ya bar shi jibge a ƙofar gida, ta kuma gane nufinsa: jira yake ta gaji.

Sai da suka tafi ta dubi abin da ta ɗaukar wa kanta. Wata guda ba a taɓa layin ba. Kaji sun tone tsakuwa, ganyen darbejiya ya rufe Ƙaura, dogon ya yi dishi-dishi. Ita kuwa ko makunnin ba ta taɓa murɗawa ba.

Ta ja kujerar Malam har bakin garka, inda inuwa ke kaiwa, ta zauna a gabansa.

“Malam, na yi alkawalin da ban san kainai ba. Hwaɗa mini ta inda za ni soma.”

Ya daɗe yana kokawa da kalmar. Ta jira, ba ta taya shi ba.

“Sam... fefa,” ya ce.

Da samfefa ta soma, takardar nan mai kaushi ta goge ƙarfe. Wuta ba ta bi ta dogo mai datti, don haka sai an goge shi taku bayan taku. Tana da shekara sittin, gwiwoyinta sun daɗe da fara ƙara, sai ta ɗauki kujerar tsugune tana jan ta a gefen layin. Da safe take yi, kafin rana ta yi ƙarfi. Malam na nuni da sanda, yana jefa kalma ɗaya ɗaya. Ta koyi yadda ake cusa tsakuwa ƙarƙashin katako har ya daina rawa. Ta koyi bambanta jar waya da baƙa, bayan ta haɗa su a juye sun yi tartsatsi. Ta kai batirin wajen mai caji da kanta, a cikin kwando, ta rufe shi da zane.

Maƙwabciyarta Balaraba ta leƙo ta kan katanga kwana uku a jere kafin ta yi magana.

“Iyatu, tsohuwa da ke, da jikoki, kin koma wasan yara?”

“Yara ba su iya wanga,” in ji Iyatu, ba ta ɗago ba. “Ni ma da ƙyar.”

“Mutane na magana hwa.”

“Su zo su yi ta nan, su riƙe mini waya.”

A kwana na shida, Malam na barcin safe, ta lura cewa duk inda ƙarfe biyu suka haɗu akwai ɗan tsagi, kamar kaurin tsinken tsintsiya. Ta ɗauka sakaci ne na kwanakin jinya. Ta samo guduma ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta matse, ta ji daɗin aikinta. Da rana ta take, ta leƙa, sai ta ga layin ya karkace kamar maciji, wajen gada ma ya tashi sama ya bar katakonsa. Hankalinta ya tashi. Ta je ta taso Malam, ta nuna masa, ta faɗa masa abin da ta yi.

Ya dubi layin, ya dube ta. Sai kafaɗarsa ta hagu ta fara rawa. Ta tsorata, ta ɗauka ciwon ne ya dawo, ashe dariya yake. Rabin baki yake yin ta, har da hawaye, yana bubbuga sanda a ƙasa.

“Zafi,” ya ce da ya samu numfashi. “Ƙarfe... shina miƙewa. Bar mishi... wuri.”

Rabon da ya haɗa kalmomi haka tun kafin ya faɗi. Ta ji haushi, ta kuma ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta. Kwana huɗu ta yi tana mayar da tsagin da ta toshe, da tsinken tsintsiya a hannu tana gwadawa.

Ranar da za a tada jirgin, ta ɗora akwatin makunni a kan kujerar tsugune ta gefen hagunsa. Ya murɗa da ƙarfi, don hannun bai saba ba, jirgin ya zabura ya kife kafin Funtuwa. Ta ɗaga shi. Ya sake murɗawa, jirgin ya sake kifewa. A karo na biyar jirgin ya tashi a hankali, taragu na bin sa da ƙaramar ƙara, ya wuce gindin kuɓewa, ya hau gada, ya tsaya daidai tashar Gusau. Malam bai dube ta ba. Idonsa na kan jirgin, ya ce, “Ya makara... minti biyu.”

Aminullahi ya dawo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya tarar da jirgin na zagaye, ubansa na riƙe da makunni, uwarsa zaune a can ƙarshen garka da baƙin mai a hannu. Ya tsaya ya kalla na ɗan lokaci, fuskarsa ba walwala.

“Inna, dubi hannunki. Shi ya kwanta, ke ma so kike ki kwanta? Wa za shi ɗauki wani?”

Kafin ta amsa, tayar tarago na uku ta hau wani ɗan dutse, taragon ya goce, ya ja na bayansa suka kwanta. Wurin bai fi taku bakwai daga kujerar Malam ba. Iyatu ta yunƙura, gwiwa ta ƙi. Sai ta ga Malam ya kashe makunni, ya dogara sanda, ya miƙe.

Aminullahi ya yi sauri zai riƙe shi.

“Bar shi,” in ji Iyatu.

“Za shi faɗi.”

“In yaf faɗi mu ɗaga shi. Bar shi.”

Ita ma ba ta ɗauke ido daga kan Malam ba. Tun da aka sallamo shi bai taɓa taku uku ba tare da an tallafe shi ba. Ya jefa sanda gaba, ya jefa ƙafar hagu, ya jawo ta dama tana shara a ƙasa. A taku na huɗu ya yi tangaɗi, Aminullahi ya miƙa hannu, hannun ya tsaya a iska. Malam ya daidaita. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa kafin ya kai. Ya tsaya a kan taragun, ya dube su, ya san ba zai iya duƙawa ba. Ya juyo ga ɗansa.

“Kai. Ɗauka.”

Aminullahi ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna. Ya ɗora taragon a kan dogo.

“Ba haka ba. Tayar... baya.”

Ya gyara. Ya sake gyarawa. Malam ya sa bakin sanda ya ture ɗan dutsen gefe, sannan ya yarda aka kama shi aka mayar da shi kujera.

A zaure, da zai tafi, Aminullahi ya ce wa uwarsa har yanzu bai ga hikimar abin ba, kuma idan wani abu ya samu ɗayansu a garkar nan ba zai yafe wa kansa ba. Ta ce ta ji. Ya ce to ban-ɗakin fa, ai dole ne. Ta ce a fasa bangon ɗakin ajiya da ke jikin ɗakin Malam a yi shi a can, ita za ta nemi inda za ta kai buhunan geronta. Ya ce zai turo Muntari ya duba.

Haka aka yi. Hannun daman Malam bai dawo ba, maganarsa ma ba ta koma kamar da ba, amma kafin ruwan farko ya sauka yana zagaya rabin garkar da sanda, yana nuna mata inda ruwa zai ci layin idan ba a haƙa masa hanya ba. Sun yi faɗa a kan hanyar ruwan, don ta tsakiyar barkononta ya so ta bi. Ita ta yi nasara, aka karkatar da ita ta bayan Ƙaura.