Tabarmar Baba Na'Allah

Rahmatu tana tsakiyar daka Lami mai saƙar gammo ta shigo ba sallama.

"Aje taɓaryan nan. Baba Na'Allah ya cika. Yanzu ɗan aike yaz zo daga Bagudo, can gidan ɗiyarshi."

Rahmatu ba ta aje ba. Ta tsaya riƙe da ita, tana kallon darnin da ya raba gidansu da na tsohon.

Ta bayan darnin nan ya fara yi mata magana, tun tana amarya a Illo. "Ke ɗiyata, taɓaryar ga ta fi ki tsawo. Daga nan nike jin kafaɗarki na kuka." Ta yi dariya, ta miƙa masa. Ya dubi kantar da ke tafinta, ya rage tsawon, ya fafe wurin riƙo daidai yatsunta. Ciwon kafaɗar bai sake dawowa ba.

Masassaƙi ne, amma ba ya taɓa itace sai ya ga hannun mai aikin. Da Nasara suka zauna a Illo suka fara kwasar maza dakon akwatunan ƙarfe, mutane suna dawowa wuya a karkace, sai ya ce wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ya bi masu sana'a gida gida, yana roƙon su haɗa saninsu. Kowa ya ce sirrin gidansu ba na kasuwa ba ne. Bai yi fushi ba. Ya shimfiɗa tabarma gindin tsamiya ranar kasuwa, duk wanda aiki ya ji wa ciwo ya zo ya zauna. A hankali Labbo maɗori ya fara tsayawa yana faɗin inda ƙashi ya gaji. Cindo mai sassaƙar jirgi ya zo don ya ƙaryata Labbo, ya zauna. Maƙera suka biyo. Lami da mata suna gefe da gammonsu, suna sa baki.

Ranar da za a tafi da shi Bagudo jinya, Rahmatu ta kai masa kunu. Ya rame har zoben azurfarsa yana yawo a yatsa.

"Labbo da Cindo ba su shan ruwa ƙwarya guda," in ji shi. "In na tafi watsewa za su yi. Ga tabarma nan bayan ƙofa."

"Baba, ni mace ta. Wa za ya zo don na kira?"

"Ban ce ki kira kowa ba. Shimfiɗawa kawai."

Kasuwar da ta biyo bayan sadakar uku, Rahmatu ta ɗauki tabarmar. Ba wasiyya kaɗai ta tura ta ba. Mijinta Ango ya dawo daga dako wuyansa a sandare, ba ya iya waiwaye sai ya juya jiki duka, ga shi dogari ya sake kiran sunansa a tafiya mai zuwa. Wanda ya ƙi, ɗauri ne. Wanda ya tafi da irin wannan wuya, ta ga yadda ake dawowa da shi a kan makara.

Ta shimfiɗa. Mutane suna wucewa, suna yi mata gaisuwar rashi, ba mai zama. Labbo yana rumfar mai goro ya ba ta baya. Cindo yana can yana cinikin filafilin tuƙa jirgi kamar bai san tsamiyar ba. Har rana ta take.

Sai ta koma gida ta kamo hannun Ango.

"Rahmatu, gaban jama'a?"

"Gaban jama'a za a ɗauko ka in ka faɗi. Taho."

Ta zaunar da shi, ta ɗora masa tsohon gammonsa a ka, ta yafito Lami, ta ɗaga murya yadda rumfar goro za ta ji: "Lami, ni dai gani nike ƙashin baya na. Mu ɗaure mai ƙugu."

Labbo ya tofar da goro. "Wane ƙugu? Mutum wuyanshi na ciwo ku ɗaure ƙugu?" Kafin ya rufe baki ya iso, ya durƙusa, yatsunsa suna bin ƙeyar Ango. "Kun gani? Akwatin na rinjaya baya. Gammon ga ya yi tsawo, ya yi ƙanƙanta. Ko da yake masu sassaƙa ba su san wannan ba, sai dai su nakkasa mutum su aiko min."

"In ba mu nakkasa ba, mi za ka ci?" Cindo ne, filafili a kafaɗa. Ya ƙwanƙwasa kan Ango kamar yana gwada itace. "Gindin akwati sulɓi garai, zamewa shikai. Faifan katako shika so, mai ɗan kwarmi, ya zamna kan gammo."

"Marar nauyi, ba gindin jirgi ba," in ji Labbo.

"Ka taɓa ganin jirgina ya nutse, tsohon banza?"

Lami ta riga ta fara warware gammon tana faɗaɗa shi. Wani maƙeri ya tsuguna a bakin tabarmar. Wata mata ta turo mijinta mai kumburin gwiwar hannu. Da Cindo ya juya zai tambayi ra'ayi, wurin da Baba Na'Allah yake zama ya kalla. Ya share fuska da hula, ya ce a miƙo masa gizago.

Ango ya tafi dakon. Ya dawo a gajiye, ƙafa duk faso, amma da ta kira shi daga bakin ƙofa, wuyansa kaɗai ya juyo.

Tabarmar farko ta mutu, an sake wata, an kuma sake. Rahmatu ta tsufa, jikoki sun hana ta babban daka. Duk da haka kowace safiya takan zuba ɗan gero a turmi, ta lalubi wurin da aka fafe, yatsunta su faɗa ciki. Kafin ta ɗaga, takan ɗan saurara wajen darni.