Tarkon da Aka Ɗana wa Stanley

Shekara talatin da ɗaya ke nan Stanley Horsfall yana yaƙar amininsa Neville duk ranar Asabar, daga ƙarfe biyu zuwa biyar na yamma, a garejin bayan gidan Neville da ke Halifax. Garejin nan bai taɓa ganin mota ba. Wani shirgegen tebur ne ya cika shi, sai ka karkata kafin ka wuce.

Wasa ne da suka saya a kwali tun suna da gashi a ka. Taswira ce da 'yan takardu a madadin sojoji da ɗan ludo guda biyu, a kan tsohon yaƙin basasar ƙasarsu tsakanin mutanen sarki da mutanen majalisa. To kun san halin maza in abu ya shiga ransu. Ba a yi shekara biyu ba suka ce taswirar ta yi musu shafal. Stanley direban bas ne, amma Allah ya ba shi hannun sassaƙa, shi ya tayar da tuddai da katako da soso, ya zuba kogi da shuɗin fenti har kana ganin fuskarka a ciki, ya ɗora gada ta tsinken ashana ɗari huɗu. Neville kuwa malamin lissafi ne. Ya watsar da 'yan takardun, ya sayo sojojin dalma masu tsawon ɗan yatsa, ya bi su ɗaya ɗaya da fenti. Shi ne kuma mai riƙe da littafin dokoki, wanda suka yi ta ƙara wa shafi har ya kumbura: dokar taɓo in an yi ruwa, dokar manzon da ya tsaya shan giya a hanya saƙo bai isa ba, da sauran shirme irin nasu.

Neville ne sarki, Stanley ne majalisa. Ba su taɓa zama sun raba ba, kuma ba su taɓa musanyawa ba. Da Stanley ya turo ƙofa zai ji an ce, "Ɗan tawaye ya iso," shi kuma ya amsa da cewa yau kan sarki zai sha gatari. Sai a ɗora buta.

Akwai doka ɗaya da ba ta cikin littafi: ba mai taɓa mahayan Neville. Su goma sha biyu ne, masu shuɗiyar riga da gashin jimina a hula. Wata rana can baya ɗaya ya faɗi a gefen kogi, Stanley ya miƙa hannu zai tayar da shi, Neville ya sakar masa rula a bayan hannu. Stanley ya yi dariya a lokacin. Bai ma san abin ya kwanta masa a rai ba sai da Howard ya zo.

Howard likitan haƙori ne da ya yi ritaya ya tare a gidan da ke jikin na Neville. Ya leƙo ne wata Asabar zai ari tsani, ya ga teburin, ya manta da tsanin. Mutum ne mai fara'a da ladabi, irin wanda ba ka samun inda za ka kama shi. Ya sunkuya ya daɗe yana kallon gadar ashana, ya ce bai taɓa ganin aiki mai kyanta ba. Stanley ya ce ai ba komai ba ce, amma a ransa ya ji haushin yabon, shi ma bai san dalili ba. Asabar ta gaba Howard ya dawo da kek na citta a faranti, Neville ya ce ya tsaya a gefensa ya koya.

Mako na uku ne abin ya faru. Ana tsakiyar fafatawa Neville ya nuna mahayan da haɓa ya ce wa Howard ya matsar da su bakin kogi. Howard ya sa yatsunsa farare tas ya kwashe su bibbiyu, kamar mai ɗiban gyaɗa. Stanley ya zuba wa rula ido. Rula tana nan kwance, ba ta motsa ba.

Daga nan sai raɗa. Su ɗaga littafin dokoki su kare bakinsu, kai da kai, Howard yana gyaɗa kai, wani sa'in su ƙyalƙyale da dariya. Stanley yana can ƙetaren kogi shi kaɗai da dakarunsa masu hular ƙarfe, shayinsa yana hucewa. Ranar ya ci wasan, ya ƙwace gada ya kori sarki har bayan tudu, amma ya koma gida kamar wanda aka yi wa sata.

Matarsa Maureen tana feraye dankali ya shigo ya fara. Ya ce shekara talatin da ɗaya shi bai isa ya tayar da doki ɗaya ba, amma mai cire haƙora ya zo jiya jiya an damƙa masa runduna. Ya ce har an ba Howard mahayi biyu ya tafi da su gida zai yi musu ƙwayar ido da siririn buroshi. Wa ya taɓa ganin idon sojan da bai kai ɗan yatsa ba? Ya ce kek ɗin ma citta ta yi masa yawa.

"Yanka uku ka ci, Brenda ta gaya mini," in ji Maureen. Brenda ita ce matar Neville. "Stanley, shekararka saba'in da ɗaya. Ni da na aure ka ba ka taɓa yin kishi a kaina haka ba, ko lokacin da mai kawo madara yake kashe mini ido."

Ya ce wannan ba kishi ba ne, maganar adalci ce. Ta ce to ya kai ƙara majalisa, tunda tasa ce.

Satin nan bai sami sukuni ba. Ya shiga rumfarsa zai gyara rufin wata 'yar bukkar niƙa ta kan teburin, ya manne yatsansa da gam. Abin da ke cinsa ɗaya ne: wancan gefen teburin, inda ake raɗa, inda ake dariya, inda ake taɓa dawakai. Shi da ya ɗauki akwatin gawar mahaifiyar Neville a kafaɗarsa, shi ne ba shi da wuri a can.

Ranar Asabar ya shiga bai jira an kira shi ɗan tawaye ba. Ya ajiye akwatin sojojinsa ya ce yau shi na sarki ne. Neville ya riga ya jera rundunarsa, ya rubuta inda ya ɓoye wasu a 'yar takarda ya danne da kofi, kamar yadda dokarsu ta ce. Ya ɗago ya dubi Stanley ta saman tabarau. Ya tambaye shi ko ya tabbata. Ya sake tambaya. Da ya yi ta uku Stanley ya ce in ba a son sa a faɗa masa kawai. Howard, bawan Allah, ya ce shi da ma yana sha'awar gwada majalisa. Haka Stanley ya tura masa akwatin da hannunsa, ya zagaya teburin a karon farko tun da aka kafa shi.

Neville bai yi gardama ba. Ya ce, "Ga dawakan nan, kai za ka riƙa matsar da su." Stanley ya ɗauki ɗaya. Ashe ba shi da wani nauyi, dalma ce kamar tasa, har fentin gindin ya ɗan goge. Ya juya shi, ya ga ƙwayar idon da Howard ya yi, ya ajiye.

Ba a yi zagaye uku ba ya gane abin da ya yi wa kansa. Daga wannan gefen ba ka ganin fuskar Neville. Kunnensa kake gani, da 'yar na'urar ji da ke maƙale a ciki, da ƙeya. Fuskar gaba ɗaya, da ɗage girar nan da murmushin mugunta in ɗan ludo ya faɗi daidai, tana kallon ƙetaren kogi ne, inda Howard yake tsaye da sojojin Stanley. Howard ya tura dakaru kan hanyar gada, sai Neville ya shafa hannu ya ce, "Zo mana, ɗan tawaye, zo ka ga yadda ake cire haƙori." Stanley ya ji kamar an zare masa rigarsa an sa wa wani a gabansa.

Raɗar ma da ya zo dominta babu. Ya matsa ya tambayi Neville mene ne shirin, aka ce ya tsaya da dawakai a bayan tudu. Ya tambayi me ke cikin takardar ƙarƙashin kofi, aka ce ya tsaya da dawakai a bayan tudu.

Ƙarfe uku da rabi Howard ya tafi cikin gida ya taya Brenda kawo shayi. Ƙofa na rufuwa Stanley ya juyo.

"Shi kana yi masa raɗa, ni kuma ka mai da ni mai tsaron dawaki. Me na yi maka, Neville?"

Neville ya cire tabarau ya goge da gefen rigar sanyinsa. "Ka san me nake raɗa masa? Taku nawa doki yake yi. Mutumin bai san igwa da amalanke ba, ba na son ya ji kunya a gabanka." Ya ɗaga hannun damansa tsakaninsu. Hannun yana rawa, kaɗan kaɗan, kamar ganye. "Tun hunturu nake kayar da su in na zo ɗauka. Ka ce in ba wa? Kai? Kai abokin gaba ne, sakarai. Wa ya taɓa ba abokin gaba dawakinsa?"

Stanley ya bi hannun da kallo. Neville ya nuna ɗan kurmin da ke gefen bukkar niƙa, wanda shi da kansa ya roƙi Stanley ya dasa masa bayan bikin Ista, itace goma sha shida na waya da soso. Ya nuna sabuwar dokar mashigin ruwa da ya shigar a littafi watan jiya, wadda Stanley ya sa wa hannu bai karanta ba. Ya ce wata huɗu yana haɗa tarkon nan, guntu guntu, don ya san Stanley ba ya iya ganin gadarsa bai ruga kanta ba. Rabin rundunar sarki tana cikin kurmin. Yau ce ranar.

"Na ɗinka maka shi daidai wuyanka," in ji Neville, "ka zo ka tsaya mini a hammata."

Stanley ya ce to a sake, zai koma gefensa yanzu, ai Howard ba zai ƙi ba. Neville ya ce ya koma ya yi me, bayan ya ji komai? Kuma ya buɗe doka ta tara, wadda Stanley da kansa ya dage aka rubuta wata shekara da Neville ya so tserewa da sunan ciwon kai: yaƙin da aka fara ba a fasa shi, ba a canja gefe. Ajiye tarkon ma ba zai yiwu ba, don in an tashi dole a buɗe takardar ƙarƙashin kofi kowa ya gani.

Aka sha shayi. Stanley bai taɓa kek ba.

Allah Sarki, abin da ya biyo baya sai da ya fi komai yi masa ciwo. Howard ya hau gada da dakaru, ba don wata dabara ba, don kawai nan ya ga hanya ta bi. Neville ya ɗaga kofi, ya karanta takarda, mutanen kurmi suka fito ta mashigin ruwa suka datse baya. Saura dawakai su rufe gaba, kuma Stanley ne mai matsar da su. Da yatsunsa ya zagayo da su tudu, ya jera su a bakin gadarsa, ya tsaya yana kallo ana kwashe sojojinsa ɗaya bayan ɗaya ana kwantarwa a gefen tebur. Tarko ne mai kyau. A shekara talatin da ɗaya bai taɓa ganin kamarsa ba. Ya ga daidai inda zai faɗa da a ce shi ne a wancan gefen, ya ga daidai lokacin da zai gane, ya makara.

Neville ya yi dariya har da tari, yana kallon Howard. Howard ya yi murmushi ya ce kai, lallai an cinye shi, ya tambaya ko akwai mai son ƙarin shayi.

Shi ke nan abin da ya ce. Bai jefar da hula ba, bai ce a kawo littafi a duba dokar mashigi ba, bai rantse cewa an yi masa maguɗi ba. Stanley ya ga dariyar Neville ta tsaya a rabi ta rasa inda za ta sauka, amma duk da haka Howard aka yi wa ita, ba ta dawowa.

Biyar ta yi. Howard ya fara tattara sojojin majalisa, Stanley ya ce ya bar su. Ya ɗauke su da kansa, yana goge kowanne da hankici kafin ya sa a akwati. Howard ya yi sallama ya tafi da farantinsa.

"Wani tarkon irinsa, zai kai yaushe?" Stanley ya tambaya, bai ɗago ba.

Neville ya ce ba kafin Kirsimeti ba, in ma kansa ya ba shi. Ya ce kuma Howard zai ci gaba da tsayawa a gefensa saboda hannun, gara Stanley ya san da haka.

"Ya tsaya. Ya taɓa dawakai har su gaji." Stanley ya rufe akwatin ya danna maƙullinsa. "Amma in ka sake ce masa ɗan tawaye, zan zo in ɗauke gadata."

Neville ya ce ya ji. Ya ce mako mai zuwa Stanley ya zo da gam, itace biyu sun karye a kurmin.