Wasiƙar da Malama Ta Sa Aka Rubuta

"Sake karantawa," in ji Malama, ta ɗora tafin hannunta ta rufe hoton da ke shafin littafin karatun ruf.

Ina bakin shagona da almakashi a hannu, ina kallo. Autata ce tsaye a gabanta, 'yar aji huɗu, wadda ta zo ta uku a jarrabawa. Ni kuwa tun safe nake yawo da takardar sakamakon, ina nuna wa duk wanda ya gitta. Yanzun nan yarinyar ta gama zubo shafin kamar rediyo, amma da aka rufe hoton sai ta tsaya cak.

"Wannan kalmar fa?" Shiru. "Wannan?" Shiru.

"Hadda ce," in ji Malama, da ƙarfi yadda matan da ke layin famfo za su ji. "Ta ga akuya, ta rera waƙar akuya. Wannan layin ɗan aji biyu ke karanta shi. Ɗan aji huɗu kuwa ya isa ya rubuta wa uwarsa wasiƙa. Mai Ɗinki, 'yarki ba ta iya karatu ba."

Katanga ɗaya ta raba mu da matar nan. Shekara talatin da biyar ta yi tana koyarwa a firamare, ta ajiye aiki amma ba ta ajiye bakin ba. Wallahi ban da furfurarta, da ranar an ji mu.

"Malaman da suka ba ta ta uku mahaukata ne?" na ce.

"Su ma haddar suka yi."

Na fizgi Auta, na ce in na sake ganin ƙafarta a gidan can sai na karya ta. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba ni da hanyar ƙaryata tsohuwar. Ni ban iya karatu ba. Awon mutanen unguwa kaf a kaina yake, kafaɗa da ƙugu da tsawon hannu, kuma ban taɓa bari kowa ya gane dalili ba.

Bayan wata biyar ciwon suga ya kwantar da Malama, idanun suka tafi. A lokacin ne na lura in na aiki Auta sayen zare, sai ta share awa guda. Wata la'asar na tsayar da keken ɗinki, sai na jiyo muryarta ta katanga tana jan kalma a hankali, da wata busasshiyar murya tana cewa, "Ƙarya kike. Sake."

Na faɗa gidan Malama, ko sallama ban yi ba. Ɗakin na warin man zafi, kwalaben magani jere a kan taga, kwalin tsofaffin littattafai a ƙarƙashin gado. Malama ta koma ƙashi da fata. Ba ta gani, amma hannun nan na kan hoton.

"Wa ya ba ki izinin taɓa mini 'ya?"

"Ita ta kawo kanta. Ta fi ki hankali." Ta yi tari. "Ga kujera, ke ma zauna. Ranar nan a juye kika riƙe takardar sakamakon, kina ta washe baki."

A gaban 'yata!

"Wannan bakin naki," na ce, "shi ya sa ko ɗan da kika haifa ba ya leƙo ki."

Ta lalubi shafin, ta ce wa Auta, "Ci gaba." Na fita, ban kuma ja yarinyar ba.

Kwana huɗu bayan nan ta rasu, da hantsi. Na shiga gaisuwa, na ce Allah ya jiƙanta kamar kowa. Masu zaginta jiya suna ta cewa mace ce mai gaskiya. Ni dai ban nemi gafararta ba, ita ma ba ta nemi tawa ba, kuma har ranar haushinta nake ji.

Da muka dawo, Auta ta miƙo mini wata takarda da aka yago daga littafin rubutu, cike da rubutun fensir, layi bakwai.

"Wasiƙarki ce, Mama. Ni na rubuta, ba wanda ya taya ni."

"To, karanta mini."

"Malama ta ce kada in karanta miki. Ta sa na yi alkawari. Ta ce ke za ki karanta da kanki."

Kun ji muguwar tsohuwa! Tana kabari ma ba ta ƙyale ni ba.

Takardar na cikin aljihun keke, tare da allurai da alli. Jiya da rana, da shago ya yi shiru, na ciro ta na buɗe ina kallo. Auta ta shigo ɗaukar tsintsiya. Ta kama gefen takardar ta juya mini ita daidai, ta fita.