Waccan ta Shatu

"Ba ta shiga!" in ji tsohuwa, surukar Shatu, ta gitta sanda a bakin bukka. "Aljana Doguwa ta kama uwar. In ɗiyarta ta shiga, da ita za a tahi."

Na tsaya riƙe da hannun ɗiyata Sa'a. Daga ciki ina jin numfashin Shatu, yana fita da ƙyar kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Tunda ta haifi ɗa ba rai jinin bai tsaya ba, surukar tata kuwa ta ce ba mai kai ta likita.

"To ni in shiga, Inna?"

"Ke baƙuwa ce. Shiga."

Baƙuwar ce kuwa. Bayan samun 'yanci aka turo maigidana aiki gidan waya na Dogon Dutsi, ban san kowa ba. Sa'a ce ta samo mini mutane. Wata rana ta shigo gida tana jaye da wata 'yar Fulani, Baturiya, daga rugar da ke bayan unguwarmu. Yara suka biyo su, iwaye suka biyo yara. Kan ka ce me, kullum da hantsi tsakar gidana cike yake da mata muna ɓarar gyaɗa.

Shatu takan zo da ƙwaryar nono, ko an saya ko ba a saya ba sai ta zauna. Baturiya ce 'yar farinta, don haka ba ta ɗaukarta, ba ta faɗin sunanta, kakar ce ke riƙonta. A'i mai ƙosai ba ta gajiya da tsokana.

"Shatu, ɗiyar wa ce wagga mai kunnuwan zomo?"

"Waccan? Ku tambayi masu ita."

Mu yi ta dariya. Amma ni na lura, kullum inda za ta riƙa hango yaran take zama.

Da na shiga bukkar, na sami Shatu kwance kan tabarma, leɓunanta sun yi fari. Ta daɗe tana dubana.

"Uwar Sa'a," ta ce, "yau yara ba su wasa?"

Iyakar abin da bakinta zai iya roƙa ke nan. Na fito da sauri, na duƙa a kunnen Sa'a.

"Tahi ki kira Baturiya. Ku yi wasa nan bayan ɗaki, kusa. Kada ku gusa."

Na koma ciki, na durƙusa wajen kan Shatu, na cusa hannu biyu cikin ciyawar bukkar na buɗa. Haske ya faɗo mata a fuska. Ga su nan zaune cikin rairayi, suna gina shanun laka, har sun fara faɗa.

"Nawa ne mai ƙaho!"

"Ƙarya kike, ni na yi shi!"

Sai inuwa ta rufe kafar. Tsohuwa ce ta zagayo, sanda a sama.

"Mi kike yi haka?"

"Inna, ba ta shiga ba," na ce. "Kin ce kada ta shiga. Ga ta nan waje."

Ta leƙo. Idonta ya haɗu da na Shatu. Ban san abin da ta gani ba, amma ta sauke sandar, ta matsa gefe, ta zauna ƙasa ta ba mu baya.

Shatu ta yi ta kallo, ko ƙiftawa ba ta yi.

"Wa ya yi mata kitson ga?"

"Kakarta."

"Ya yi tsauri. Zai sa mata ciwon kai." Ta juyo da ido wajena. "Ki kwance mata shi, uwar Sa'a. Kada ki ce ni na ce."

"Zan kwance."

Ciyawa tana yanka mini yatsu, na ƙi saki. Na daɗe a haka kafin in gane gugan numfashin nan ya daina tafiya.

A waje Baturiya ta kammala saniyarta, ta ɗora ta a tafin hannu, tana hura mata iska don ta bushe.